Haɗa na'urorin Wi-Fi na tsarin raga da kebul a cikin gida

Tsarin raga hanya ce ta baza Wi-Fi a gida da na'urori biyu ko fiye masu amsa suna ɗaya, inda uwar na'ura ke karɓar intanet daga modam, wato na'urar da ke shigo da layin intanet gida, sauran kuma su miƙa shi zuwa ɗakunan da ke nesa. Layin da na'urorin ke magana da juna a kansa shi ne jijiyar tsarin, kuma yana iya bin iska ko kebul.

Idan jijiyar ta bi iska, na'ura mai zango biyu, wato gigahaz 2.4 da 5, tana raba rediyonta tsakanin wayoyin mutanen gida da uwar na'ura, saboda haka gudun yakan ragu da kusan rabi a kowane tsallake daga wata na'ura zuwa wata. A Yamai lamarin ya fi tsanani, domin bangon siminti da rufin kankare mai rodi suna dakushe zangon gigahaz 5 ƙwarai, ga kuma tsakar gida mai faɗi da ke raba ɗakin baƙi da ɓangaren iyali. A irin wannan gini kebul ne magani na gaskiya.

Kebul na Cat5e yana ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa har tsawon mita 100, Cat6 kuwa yana kai gigabit 10 a tazarar kusan mita 55. Ana fito da shi daga uwar na'ura zuwa kowace ƙaramar na'ura, kai tsaye ko ta akwatin rarraba layi, kuma wajibi ne akwatin ya kasance bayan uwar na'ura, ba tsakaninta da modam ba. Na'urori irin su TP-Link Deco da Eero suna gane kebul ɗin da kansu su koma kansa.

Abin da ya fi cancantar kulawa shi ne RJ45, wato kan kebul ɗin da ake cusawa a jikin na'ura. Siraran wayoyi takwas ne a ciki, kuma gigabit yana buƙatar dukansu. Idan ɗaya bai kama ba, layin yakan faɗo megabit 100 ko ya yanke. Haka nan a guji kebul mai arha na alminiyam da aka shafa wa tagulla, don yana saurin karyewa. Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida kuma a saka shi cikin bututu a binne, domin ranar bazara, da zafinta ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, tana busar da robarsa har ta tsattsage kafin ruwan damina ya shige ta.