Saura kaɗan ya ajiye aiki: tambayoyi da amsoshi ga mai ba da shawara kan kuɗin ritaya

Waɗannan tambayoyi suna yawan tasowa tsakanin masu zama da ma'aikata suna ba su shawara kan kuɗinsu: jami'an kamfanonin fansho, ma'aikatan banki, akantoci, da jami'an walwala na ƙungiyoyin ƙwadago. Amsoshin sun dogara ne da tsarin fansho na Najeriya.

Mutum ya zauna gabana, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Ta ina zan fara?

Fara da sanin tsarin da yake ciki, kafin a kai ga maganar zuba jari. Ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfani suna ƙarƙashin dokar gyaran fansho ta 2004, wadda aka sauya da ta 2014. A ƙarƙashinta ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai aikin ya ɗora aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa, wato RSA. Kamfanin fansho, PFA, shi ke juya kuɗin, wani kamfanin dabam ke riƙe da su, hukumar PenCom kuma tana sa ido. Amma jihohi ba bakinsu ɗaya ba. Kaduna na bin wannan tsari. Kano da Jigawa kuwa asusu ɗaya suke tarawa, a lissafa wa mutum fansho da garatuti bisa albashinsa da shekarun aikinsa. Sojoji ma ba sa ciki. Idan ka ba malamin makarantar jihar Kano shawarar da ta dace da ma'aikacin banki, ka ɓatar da shi tun daga ƙofa.

In yana da RSA, ka ce ya kawo takardar bayanin asusunsa tun daga farko. Ku shimfiɗa ta a kan tebur, ka sa yatsa kana bin watanni ɗaya bayan ɗaya. A nan ake ganin giɓi: wata uku a wata shekara, wata bakwai a wata, an cire daga albashi amma ba su shiga asusu ba. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, kuma akwai tara a kan wanda ya riƙe. Bin wannan bashi ya fi sauƙi tun mutum yana ofis ana gaisawa da shi. Sai a duba suna da ranar haihuwa, ko sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa. "Muhammad" a nan, "Mohammed" a can, ya isa ya sa dattijo ya yi ta zarya wata da watanni. Wanda ya fara aikin tarayya kafin tsakiyar 2004 yana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba masa, kuma sai ya bi ta tantancewar PenCom kafin ya fita. Kada ya yi sake da ita.

Bayan takardu sai gida. "Alhaji, mutum nawa ne ke ci daga tukunyarka? Yara nawa ne a makaranta? 'Yan mata nawa ne ba a aurar ba? Gidan da kake ciki naka ne ko na gwamnati? Wa ke binka bashi? Akwai maganin da kake sha kullum?" Dattijo ba ya son a tona masa asiri, don haka a hankali ake bi, amma duk lissafin da za ka yi a kan waɗannan amsoshi zai tsaya.

Nawa zai iya karɓa a dunƙule?

Kada ka yi masa alƙawarin wani kaso kafin PFA ya yi lissafi. Ana duba shekarunsa, da abin da ya taru, da albashinsa na ƙarshe, kuma dole abin da ya rage ya isa biyansa fansho duk wata. Akwai wata ƙa'ida dabam da mutane ke haɗawa da wannan: wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda kowa ke neman iyakar abin da za a iya ba shi. Duk nairar da ya ɗauka yau, daga fanshon gobe aka zabge ta. Kuma mun san abin da ke faruwa ranar da kuɗin suka shigo. Labari ya zaga dangi. Wannan zai yi aure, wancan jarinsa ya karye, ga motar da aka daɗe ana buri, ga abokin da ya zo da harkar da "ba ta faɗuwa". Kafin shekara ta zagayo an koma jiran ƙarshen wata, da fanshon da ya ragu.

Abin da nake ganin ya dace: ku rubuta inda kuɗin za su tafi tun ba su zo ba. Bashi a gaba, sannan muhalli, sannan ajiyar da za ta riƙe gida wata shida in an samu tsaiko ko rashin lafiya. A ware wa 'yan'uwa nasu kason a rubuce, domin zumunci wajibi ne kuma za a zo, gara ya san iyakar abin da zai bayar. Sauran kuma ya bar su su huce wata biyu ko uku kafin ya yanke shawara.

Wanne ya fi: barin kuɗin a hannun PFA ana biyansa duk wata, ko miƙa su ga kamfanin inshora?

Wannan ita ce shawara mafi nauyi da zai yanke, kuma ita aka fi yi masa gaggawa a kai.

A tsari na farko kuɗin suna nan a asusunsa, ana ci gaba da juya su, ana ɗebo masa duk wata. Kamar rumbunsa ne: yana ganin abin da ya rage, in ya rasu kuma abin da ke ciki na magada ne. Idan jarin ya yi albarka, ana iya ƙara masa fansho, kuma PenCom ta sha amincewa da irin wannan ƙari. Haɗarinsa shi ne Allah Ya ja kwana, asusu ya yi ƙasa.

A tsari na biyu, wanda ake kira anuwiti, ya saya wa kansa biyan wata-wata ne daga kamfanin inshorar rai da ke ƙarƙashin hukumar NAICOM. Za a biya shi muddin yana raye, ko da ya kai shekara 95. Amma kuɗin sun bar hannunsa. In ya rasu cikin shekara goman farko, magada za su karɓi na ragowar shekarun. In ya wuce goma ya rasu, babu abin da za su gada daga ciki.

Akwai kuma abin da dole ka faɗa masa da babbar murya: daga na farko ana iya komawa na biyu, amma wanda ya shiga anuwiti ba ya dawowa. Saboda haka wanda yake kokwanto, gara ya fara da na farko. Mai ƙananan yara da mata biyu, wanda hankalinsa ke kan abin da zai bar musu, yawanci na farko ya fi kwanta masa. Wanda 'ya'yansa suka kama kansu, yana da lafiya, tsoronsa kawai kada ya zama nauyi a kan kowa, yana da hujjar duba na biyu. Ka sa a kawo masa lissafin kowanne a rubuce, ya tafi gida da su, ya yi shawara da iyalinsa. In yana da tambaya kan hukuncin inshora a addini, malami zai tambaya.

Ya ce shi ba ya son kuɗin ruwa ko kaɗan. Me zan nuna masa?

Kada ka tsaya gardama da shi, kuma kada ka ce masa babu mafita, domin akwai. Tun 2018 aka rarraba asusun fansho gida-gida bisa shekaru da yawan kasada, a 2021 kuma aka ƙara na shida, wanda babu ruwa a cikinsa. Ma'aikaci da ɗan fansho duk suna iya neman a mayar da su can ta hannun PFA ɗinsu. Mutane da yawa a Arewa ba su taɓa jin labarinsa ba, kuma sanar da su aikinka ne.

A wajen fansho akwai sukuk na gwamnatin tarayya. An fara fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100, na tsawon shekara bakwai, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin. Mai saye yana da rabo a kadarar, gwamnati tana biyansa haya duk wata shida, a ƙarshen wa'adi a mayar masa da uwar kuɗinsa. Akwai bankuna marasa ruwa kamar Jaiz da TAJ da Lotus, da asusun haɗakar jari na halal masu rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar jari. Sai dai ka gaya masa gaskiya: tsarkin hanya bai hana asara ba, kuma bai kare shi daga tsadar kaya ba. Ka tuna masa ya sa zakka a lissafinsa na shekara.

Yaya zan fahimtar da shi illar hauhawar farashi?

Da alƙalami. In farashi na tashi da kashi 20 cikin 100 duk shekara, cikin shekara huɗu fanshon naira dubu ɗari zai saya masa rabin abin da yake saya yau, ko ƙasa da haka. A Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar ta haura kashi 34. Wanda ya yi ritaya kafin cire tallafin mai a 2023 ba ya buƙatar dogon bayani.

Don haka kada a jibge komai a asusun ajiya, kada kuma a binne komai a fili. Fili yana riƙe daraja, amma ba ya ba da kuɗin cefane, kuma ranar da aka matsu da sayar da shi ranar ake yi masa tayin wulaƙanci. Gidan haya yana kawo kuɗi, amma sau ɗaya a shekara, ga gyara, ga ɗan haya mai taurin bashi. A rarraba. Abin da zai zauna a banki kuma, ya sani cewa inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya rushe, tun 2024 tana tsayawa ne a naira miliyan biyar ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan biyu a ƙaramin banki na microfinance.

Ya zo min da wata harka mai ba da riba kashi 30 duk wata. Yaya zan hana shi?

Tambaye shi abin da ake saye da sayarwa har riba ta kai haka. Yawanci ba ya da amsa. Tuna masa harkokin damfara irin su MMM da ta rufe a ƙarshen 2016, da CBEX da ta tafi da kuɗin jama'a a 2025. Alamominsu ba sa canzawa: riba tsayayya mai yawa, biyan na farko da wuri don ya jawo wasu, da lada ga wanda ya kawo mutum. Wasu suna zuwa da sunan noma ko kiwo, wasu da rigar addini, kuma waɗannan sun fi cin dattawa. Takardar rajistar kamfani ta CAC da suke nunawa ba lasisin karɓar jarin jama'a ba ce. A duba sunan a jerin SEC, ku duba tare a wayarka yana kallo.

Kasuwanci na gaskiya ma yana da nasa. Wanda ya yi shekara 35 a ofis ya zuba rabin kuɗinsa a kiwon kaji bai san farashin abincinsu ba, ko ya sayi A Daidaita Sahu uku ya miƙa wa yaran da ba zai iya bibiya ba, ya shiga makaranta mai tsadar kuɗi. In yana da sha'awa, ya fara da ɗan kaɗan tun yana aiki, da abin da in ya salwanta gida ba zai girgiza ba.

Maganar mutuwa fa? Ina jin nauyin ɗauko ta.

Ɗauko ta, cikin ladabi. "Baba, Allah Ya ƙara nisan kwana, amma in ta Allah ta kasance, Hajiya ta san sunan kamfanin fanshonka?" Sau da yawa amsar a'a ce. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci, shi ne wanda za a tuntuɓa. Rubutun bai mayar da shi magaji shi kaɗai ba. Kamfani zai nemi takardar kotu kafin ya saki kuɗi, rabon kuma ga musulmi bisa shari'a ne, wasiyya ba ta wuce sulusi. Wanda ya rasu yana bakin aiki, doka ta wajabta wa mai aikinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da yawa ba su san su nema ba. Ya rubuta asusunsa, da takardun filaye, da wanda yake bi da wanda ke binsa, ya ajiye inda mutum biyu amintattu suka sani.

Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da ba ya karɓar albashi?

An buɗe musu ƙaramin tsarin fansho a 2019. Tela, direba, mai sayar da abinci, kowa na iya buɗe asusu ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, wani kaso yana iya cira in buƙata ta taso, sauran sai tsufa. Wadda ta saba zubin adashi ba za ta sha wuyar gane shi ba.

Ina samun la'ada in ya zaɓi kayan kamfaninmu. Sai na faɗa masa?

Ƙwarai kuwa, tun kafin ya sa hannu. Ka ce masa kai ma'aikacin wane kamfani ne, kuma kana da kamasho in ya shiga. Ka sanar da shi cewa tun Nuwamban 2020 yana da damar sauya PFA sau ɗaya a shekara, ko da naka kamfanin ne zai bari. In abin da ya dace da shi ba ya cikin abin da kake sayarwa, ka faɗa masa inda zai same shi, ka rubuta masa tambayoyin da zai yi idan ya je.