Motocin ƙarfi na Amurka: sayensu da riƙonsu

Motar ƙarfi, wadda Amurkawa ke kira muscle car, mota ce mai ƙofa biyu, matsakaiciya a girma, da aka ɗora wa babban inji mai silinda takwas, wato V8, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Kamfanonin General Motors da Ford da Chrysler da American Motors ne suka ƙera irinta, zamaninta kuma bai daɗe ba, daga 1964 zuwa wajen 1974. An yi ta ne domin matashi mai albashi ya iya saya. A yau ta zama kayan tarihi da ake rububi a kasuwannin gwanjo, kuma darajarta ta fi rataya a kan lambobi da takardun da ke tabbatar da asalinta fiye da ƙyallin fentinta.

Asali da gushewa

Akasarin masana suna fara lissafi ne daga Pontiac GTO ta 1964, ko da yake wasu suna komawa har Oldsmobile Rocket 88 ta 1949. A lokacin General Motors, uwar kamfanin Pontiac, yana da ƙa'idar cewa injin matsakaiciyar mota kada ya wuce inci 330 na faɗin ciki. John DeLorean, babban injiniyan Pontiac, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee suka bi ta bayan gida: suka sa injin inci 389, wato lita 6.4, a cikin matsakaiciyar motarsu Tempest LeMans, suka mai da shi ƙarin zaɓi da mai saye zai biya kimanin dala 295 a kansa. Injin yana da ƙarfin doki 325. A shekarar farko aka sayar da 32,450, adadin da ya zarce hasashen kamfanin nesa ba kusa ba.

Daga nan kowa ya shigo fage. Chrysler ya fito da injin Hemi 426 na kan titi a 1966, mai kafireta biyu da ƙarfin doki 425. Plymouth Road Runner ta 1968 ta zo a ƙasa da dala 3,000. A 1970 Chevrolet Chevelle SS mai injin 454 samfurin LS6 ta kai ƙarfin doki 450, kuma da yawa suna ganin nan ne tsayin ya ƙare.

Faɗuwar ta zo da sauri. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, a 1971 aka fara rage matsin injina domin su iya shan fetur marar dalma, sannan takunkumin mai na ƙasashen Larabawa a Oktoban 1973 ya ƙarasa zance. An daina sa Hemi 426 a motocin titi bayan 1971, GTO ta wancan zamani kuma ta tsaya a 1974.

Tabbatar da asali

Nan ne mai saye ya fi shan wahala, nan ne kuma aka fi yin asara. Dalili shi ne yawancin motocin ƙarfi gangar jikinsu ɗaya ce da ta motocin gida masu arha. LeMans da GTO jiki ɗaya ne, Malibu da Chevelle SS ma haka. Duk wanda ya samu tambari da bonet da inji zai iya mayar da ta arha ta yi kama da ta tsada. Idan mai motar ya faɗi gaskiya cewa kwaikwayo ce, babu laifi, kuma tana da farashinta. Abin takaici shi ne wanda zai ɓoye, ya karɓi kuɗin ta asali daga hannun mutumin da ya yi shekaru yana tari.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lambar shaidar mota, VIN. Kafin 1981 ba a daidaita ta zuwa haruffa 17 ba, kowane kamfani da tsarinsa. GTO daga 1966 zuwa 1971 lambarta tana farawa da 242, amma ta 1964 da 1965 lambar ba ta bambanta ta da LeMans. A motocin Chrysler harafi na biyar yana nuna injin, inda R ke nufin Hemi a 1970 da 1971. Chevelle SS ta 1970 kuwa lambarta ba ta nuna cewa SS ce, shi ya sa ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi yi wa jabu.

Inda lamba ta gaza, takarda ake nema. Ma'aikatan masana'anta kan cusa takardar haɗa mota a wani lungu, ƙarƙashin sifirin na kujerar baya, ko bisa tankin mai, ko bayan kafet. Bayan shekara hamsin za a zaro ta ta yi ruwan ƙasa, gefenta ya gutsure, tsatsar sifirin ta yi mata zane, amma lambobin injin da giya da launin fenti suna nan ana karantawa. Wannan 'yar takarda tana iya ninka kuɗin mota. Motocin Chrysler suna da ƙaramin allon ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da irin waɗannan bayanai. Masu Pontiac suna neman kwafin takardar farashi ta asali daga PHS, kamfanin da ke riƙe da tsofaffin takardun Pontiac, masu Ford na 1967 zuwa sama kuma suna neman rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga bayanan masana'antar Ford.

Sai batun dacewar lambobi. A ƙarshen shekarun 1960 ana buga wani ɓangare na lambar mota a jikin injin da akwatin giya. Idan suka dace, injin da aka haife ta da shi ne ke cikinta. Da yake matasa ne suka more waɗannan motoci a tsere, injina da yawa sun fashe an sauya su tun da wuri, don haka mai injinta na asali tana da tsada. Masu ha'inci kan goge wurin su sake bugawa, abin da sai ƙwararre ke ganewa ta siffar haruffan da shatin ƙarfen. Cire allon lamba daga wata mota a liƙa wa wata laifi ne a dokar tarayyar Amurka. Mitar tafiya ma ba abar dogaro ba ce, domin gurbi biyar gare ta, tana kaiwa mil 99,999 sai ta koma sifili.

Tsatsa

Injin V8 na wancan zamani mai sauƙin gyara ne, kayan gyaransa kuma suna nan birjik. Jiki ne ke cin kuɗi. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cinye ƙarfe, shi ya sa ake neman motar da ta yi rayuwarta a Arizona ko kudancin Kalifoniya. Mai dubawa yakan ɗaga kafet ya ga daɓen, ya fitar da safaya taya ya leƙa ƙasan but, ya bi ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya da ɗan maganaɗisu. Inda maganaɗisun ya ƙi kamawa, fanalbita ya cike wurin da ƙullu ya shafe da fenti. A tsofaffin Mustang, wadda 'yar uwa ce ga wannan dangi, akan zuba ruwa a ragar iska da ke gaban gilashi. Idan ya ɗigo a kan daɓe, ƙarfen ciki ya ruɓe, gyaransa kuma babban aiki ne. Rufin leda da aka yi yayi a lokacin shi ma yana ɓoye laima. Charger da Road Runner da Mustang shasinsu haɗe yake da jiki, saboda haka tsatsa a nan tana taɓa ƙashin motar kanta, saɓanin GTO da Chevelle masu shasi daban.

Kasuwa

Manyan gwanjo biyu ana yin su a watan Janairu: Barrett-Jackson a Scottsdale ta Arizona da Mecum a Kissimmee ta Florida. A gwanjo mai saye yana biyan la'ada a kan farashin da aka buga. Tazarar farashi tana da faɗi ƙwarai. A 2014 an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi a kan dala miliyan 3.5 a Seattle, domin waɗanda aka ƙera ba su wuce 12 ba, alhali mai ƙaramin inji ta wannan jiki ba ta kama ƙafar wannan kuɗi. Sanannen abu ne a wajen masu harkar cewa kuɗin farfaɗo da ruɓaɓɓiyar mota yakan wuce abin da za a saye ta bayan an gama.

Riƙo

Wanda ya saba da motar zamani zai ji bambanci tun daga birki. Da yawansu birkin ganga ne a duk ƙafafu huɗu, wanda ke rasa ƙarfi idan ya yi zafi, ga nauyin inji a gaba, ga babu jakar iska. Mota ce da aka gina don miƙaƙƙen titi, kwana tana buƙatar natsuwa. Shan mai kuwa, manyan injinan ba su cika wuce kilomita 4 zuwa 5 a lita ba, kuma masu matsi mai yawa suna son fetur mai inganci.

An ƙera injinan ne don fetur mai dalma, wanda aka haramta wa motocin titi a Amurka a 1996, don haka idan aka buɗe inji akan sa wa mazaunin bawul ƙarfe mai tauri. Baƙin mai na zamani an rage masa sinadarin zinki da tsohon kamshaf ke buƙata, shi ya sa masu su ke sayen na musamman. Fetur mai gaurayen itanol yana cin tsofaffin tiyo da robobin kafireta, musamman idan mota ta daɗe a ajiye. Kwantak da fulogi suna son dubawa a kai a kai, notuna kuma na awon inci ne, sifanar milimita ba ta kama su daidai.

Ajiya ma aiki ce. Motar da ba a tayarwa robobinta suna bushewa, batir ya mutu, ɓera ya yi gida a kujera. Masu lura sukan fitar da ita ta yi tafiya har inji ya ɗauki zafi sosai, su ajiye ta a busasshen gareji. Inshorar da ta dace ita ce wadda ake yarjejeniya kan darajar motar tun farko, yawanci da sharaɗin ba za a riƙa zuwa aiki da ita kullum ba.

Akwai saɓani tsakanin masu barin mota yadda ta fito da masu sa mata birkin faifai da na'urar feshin mai da giya ta zamani. Ga motar da ba ta da injinta na asali, sabuntawar tana ƙara aminci a titi kuma ba ta rage komai ba. Ga mai cikakkun lambobi, masu hankali suna yin sauyin da noti kawai zai kwance, ba tare da yanka ko walda ba, su nannaɗe tsohuwar kafireta da gangunan birki su rubuta lambar motar a jikin kwalin, su ajiye a gareji domin duk wanda motar za ta koma hannunsa.