Kwangilar hidima a ƙaramar hukuma: wa ake ba, kuma ta wace hanya?

Wace doka ce ke tafiyar da bayar da kwangila a ƙananan hukumomi?

Dokar saye da bayar da kwangila ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati, ta gwamnatin tarayya ce. Tana hawa kan wata hukumar da ba ta tarayya ba ne kawai idan aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗin aikin daga tarayya ya fito. Ƙananan hukumomi 774 galibi suna bin dokar jiharsu da kundin ka'idojin kuɗi na ƙananan hukumomi. Kaduna, alal misali, ta yi tata dokar a 2016.

Ta yaya ake zaɓen ɗan kwangila?

A ka'ida, ana tallata aikin, masu nema su kawo takardunsu a rufe, a buɗe su a bainar jama'a. Ana duba rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Wanda ya cika sharuɗɗa kuma kuɗinsa ya fi ƙasa shi ke ci. A kula: cika sharuɗɗa ne farko, arha ta biyo baya.

Me ya bambanta kwangilar hidima da ta gini?

Nan gizo ke saƙa. Idan an ba da gina aji, kowa na iya zuwa ya ƙirga buhun siminti ya ga rufi. Amma kwashe shara, gadin sakatariya, gyaran famfunan tuƙa-tuƙa ko karɓar harajin kasuwa, aiki ne da ba ya barin shaida. An kwashe bola jiya, yau ta sake cika. Wa zai ce ba a kwashe ba? Don haka dole yarjejeniya ta faɗi unguwanni nawa, sau nawa a mako, mota nawa, wa zai sa hannu kafin a biya. Takardar da ta ce "tsabtace gari" kawai, a ganina ƙofar cin kuɗi ce aka bari a buɗe.

Mece ce raba kwangila?

Yanka babban aiki gunduwa-gunduwa don kowane yanki ya tsaya ƙasa da adadin da ke buƙatar talla ko amincewar na sama. Dokar tarayya ta sa shi cikin laifuffuka.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yuli 2024 ya canza wani abu?

Ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na kuɗin tarayya kai tsaye. Bai taɓa ka'idojin kwangila ba, sai dai kuɗi in sun ƙaru a hannun ciyaman, nauyin sa ido na kansiloli da mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha ya ƙaru.