Gudun Fanfalaki na Birnin Legas

Gudun fanfalaki na birnin Legas gasa ce ta tseren kilomita 42.195 da ake yi duk shekara a kan titunan Legas, galibi ranar wata Asabar a cikin watan Fabrairu. An fara ta a sigar da aka san ta yanzu ranar 6 ga Fabrairu, 2016, zamanin gwamna Akinwunmi Ambode. Bankin Access ne babban mai ɗaukar nauyinta, kamfanin Nilayo ke shirya ta tare da gwamnatin jihar da Hukumar Wasannin Guje-guje ta Najeriya. Hukumar guje-guje ta duniya ta fara ba ta lambar tagulla, daga baya ta azurfa, a 2023 kuma ta kai ga ta zinare, matsayin da gasanni kaɗan ne a Afirka suka taka.

A takarda gasa ɗaya ce, amma a kan kwalta biyu ce. Akwai ta ƙwararru, yawancinsu daga Kenya da Habasha, waɗanda ke kammalawa cikin awa biyu da 'yan mintuna, tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Akwai kuma ta dubban mutanen gari, ma'aikata da ɗalibai da sojoji da 'yan kasuwa, waɗanda ke shafe awa huɗu zuwa shida ko fiye a kan hanyar. Rukunin na biyu shi ne ya fi sanin zafin Legas.

Tsawon hanya da tsarin gasa

Tsawon kilomita 42.195 ba Legas ce ta zaɓe shi ba. Shi ne nisan da aka yi gudu a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. A 2018 masu shirya gasar Legas suka ƙara tseren kilomita 10, wanda ke tashi daga ɓangaren tsibiri da hantsi, domin waɗanda dogon zangon ya fi ƙarfinsu. Akwai kuma rukunin masu keken guragu. A shekarun farko rajista kyauta ce, abin da ya sa jama'a suka yi ta tururuwa, ciki har da waɗanda ba su taɓa yin gudun kilomita goma a jere ba.

Hanyar da gasar ta yi suna da ita tana farawa ne daga gaban Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere. Daga nan sai Ojuelegba, a bi titin Ikorodu ta Fadeyi da Obanikoro zuwa Anthony, a karya ta Gbagada zuwa Oworonshoki, a hau gadar Third Mainland. Bayan an sauka sai Ikoyi, a tsallaka gadar Lekki da Ikoyi, a zaga ta Lekki, a biyo titin Ozumba Mbadiwe, a ƙare a Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku da yashi aka samar a bakin tsohon Bar Beach.

Safiyar gasa

Kwanaki kaɗan kafin ranar, masu gudu kan je filin wasa na Teslim Balogun, wanda ke kallon Babban Filin Wasa, su karɓi riga da lambar ƙirji. A bayan lambar ake manna 'yar na'urar da ke ɗaukar lokaci duk sa'ad da mai gudu ya taka shimfiɗun da aka ajiye a wasu wurare na hanya. Da ita ake gane wanda ya bi hanyar gaba ɗaya da wanda ya ratse ya hau abin hawa, domin a gasa mai jama'a irin wannan ba a rasa masu gwada hakan.

Ana tashi ne wajen ƙarfe shida da rabi na safe, kafin fitowar rana. Da yake ana rufe manyan tituna tun cikin dare, wanda ke zaune nesa dole ya fito da ƙarfe uku ko huɗu, wasu ma a kusa da filin suke kwana. Musulmi daga cikinsu kan yi sallar asuba nan gefen titi, da takalmin gudu a ajiye kusa. Abincin safe kaɗan ake ci, ayaba ko burodi da shayi, awa biyu ko uku kafin tashi, don kada ciki ya murɗa a hanya. Waɗanda suka saba za a gan su suna shafa man baselin a hammata da matsematsi, maza kuma suna manna filasta a kan nono, saboda rigar da ta jiƙe da gumi tana goga fata har ta fitar da jini.

Ana sa ƙwararru a gaba, sauran jama'a a baya. Da an ba da alamar tashi sai turereniya, kuma a nan ake tafka kuskuren da ya fi kowane yawa. Ga kiɗa, ga ihu, ga kyamarori, jiki kuma da sauran sanyin asuba, sai sabon shiga ya fizga da gudun da ba zai iya riƙewa ba. A kowace shekara akan ga matasa sun yi kafaɗa da 'yan Kenya na ɗan lokaci, kafin a kai Anthony sun riƙe ƙugu suna haki.

Gadar Third Mainland

Duk wanda ya yi gasar, labarinsa kan dawo kan gadar nan. Tsawonta kilomita 11.8 ne, an buɗe ta a 1990 zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma ita ce gada mafi tsawo a Afirka har zuwa 1996. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gasar a kanta yake, tsakiyar hanya ma a kanta take faɗowa. A ranakun aiki motoci ne ke cushe a kanta, ba a tafiyar ƙasa, don haka da yawa daga mazauna Legas wannan ce kaɗai damar da suke samu su taka ta da ƙafa, su tsaya su kalli ruwan da kyau. Daga sama ana hango gine-ginen Jami'ar Legas da ke Akoka, da gidajen katako na Makoko da aka kafa a kan ruwa, da masunta cikin kwale-kwale.

Kallon yana da daɗi, gudun kuwa babu. Gadar ba ta da inuwa ko ta bishiya ɗaya, kuma ba ta da 'yan kallo, tunda babu unguwa a gefenta. Mutumin da ya baro hayaniyar titin Ikorodu sai ya tsinci kansa ba ya jin komai sai takun takalma da numfashin na kusa da shi. Ƙwararru kan wuce ta cikin minti talatin da wani abu. Mai matsakaicin gudu kan yi fiye da awa guda a kai, daidai lokacin da rana ke ɗagowa tana dukan kwalta da ruwa. Teburan ruwa su ne alamomin da yake ƙirgawa. A gaban kowanne ƙasa ta jiƙe, robobi warwatse ana tattaka su, mutum ya fizgi ɗaya ya kurɓi rabi ya juye sauran a ka, ya ci gaba. Waɗanda ke can baya sukan yi ƙorafin cewa kafin su iso wasu teburan na gaba sun kwashe ruwan.

Zafi da laima

Abin da ya bambanta Legas da Balin ko Landan ko Chicago shi ne yanayi. Gudun fanfalaki ya fi sauri idan ma'aunin zafi yana wajen digiri 10. A Legas a watan Fabrairu, da asuba ma yana wajen 25, da rana ya haura 30, iskar kuma cike take da laimar teku. Jiki yana huce kansa ne idan gumi ya bushe a kan fata. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, gumin sai dai ya tsiyaya ya cika takalmi, zafin kuma ya zauna a ciki. Zuciya ta ƙara bugu don ta kai jini fata, tsoka ta samu ƙasa da abin da take buƙata.

Wannan ya fi damun wanda ya yi atisayensa a arewa. Watannin Disamba da Janairu, lokacin da ake shirin gasar, lokacin hunturu ne a Kano da Kaduna da Jos, inda mutum zai yi gudun awa biyu rigarsa ba ta jiƙe sosai ba. Idan ya sauka Legas kwana ɗaya kafin gasa, jikinsa bai samu sarari ya saba ba, alhali sabawa da zafi kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Alƙaluman ƙwararru ma sun nuna haka. David Barmasai na Kenya ya lashe gasar Dubai a 2011 cikin awa 2 da minti 7 da daƙiƙa 18. Da ya ci ta Legas a 2020, ya yi awa 2 da minti 10 da daƙiƙa 23, kuma wannan ne ya zama sabon tarihin hanyar. A 2023 Kelvin Kiptum ya yi nisan nan a Chicago cikin awa 2 da daƙiƙa 35.

Bayan kilomita talatin

Jikin mutum yana ajiye sukarin da tsoka ke ƙonawa da sauri a cikin hanta da tsokoki, abin da ya kai kimanin kalori 2,000. Gudun fanfalaki kuwa yana cin kusan 2,500 zuwa 3,000, gwargwadon nauyin mutum. Wajen kilomita 30 zuwa 35 ajiyar kan ƙare, jiki ya koma ƙona kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da hanzari. Masu gudu suna cewa sun ci karo da bango. Ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, kai ya riƙa juyawa, lissafin sauran kilomitoci ma ya gagara. A Legas wannan yakan zo ne a ɓangaren Ikoyi da Lekki, inda hawan gadar Lekki, wanda mai mota ba ya ko lura da shi, ke tilasta wa mutane da dama komawa tafiya. A nan ake ganin masu dafa turakun fitila suna miƙe sharaɓa saboda jijiya ta harɗe.

Maganin da aka sani shi ne a yawaita cin shinkafa ko taliya ko doya kwana biyu kafin gasa, a riƙa shan abu mai sukari da gishiri a hanya tun kafin a galabaita, a kuma fara a hankali. Shan ruwa ma yana da iyaka. Mai gudu a zafi kan zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a awa, amma idan ya yi ta ɗirkar ruwa zalla fiye da abin da ya fitar, gishirin jininsa kan ragu, abin da ke iya kai wa ga suma har da mutuwa. Wani bincike da aka yi kan masu gudun Boston na 2002 ya gano kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jininsu sun kammala da wannan matsalar, kuma ta fi kama masu jinkiri, waɗanda ke tsayawa a kowane tebur.

Motocin asibiti da manyan motocin bas suna bin hanyar suna kwashe waɗanda suka gaza. Wanda ya daɗe ƙwarai kuma yakan tarar an fara buɗe tituna, ya ƙarasa yana kauce wa motoci. A Eko Atlantic ana rataya wa wanda ya kammala lambar yabo. Ciwon jiki na gaske sai washegari da jibi yake bayyana: cinya ta ƙi lanƙwasa, saukowa daga bene ya fi hawa wuya, farcen yatsan ƙafa ya yi baƙi, bayan makonni ya fita.

Waɗanda suka yi nasara

Kyautar na ɗaya ta kai dala 50,000, kuma 'yan gabashin Afirka ne ke tafiya da ita. Abraham Kiptum na Kenya ya ci na 2016 da na 2017. Shi ne daga baya ya kafa tarihin duniya na rabin zango, wato rabin gudun fanfalaki, a Valencia a 2018, amma aka soke shi, aka dakatar da shi shekara huɗu kan saɓa dokar ƙwayoyin ƙara kuzari. A 2018 Abraham Kiprotich, haifaffen Kenya mai gudu da tutar Faransa, ya zo na ɗaya, a 2019 kuma Sintayehu Legese na Habasha. A ɓangaren mata, Sharon Cherop, wadda ta taɓa lashe gasar Boston a 2012, ta ci na 2020 cikin awa 2 da minti 31 da daƙiƙa 40. A 2021 annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa 10 ga Afrilu, aka taƙaita ta ga masu gudu 300.

'Yan Najeriya da tsaunukan Filato

Ana ware kyauta ta daban, a naira, ga 'yan Najeriyar da suka riga 'yan uwansu isowa, kuma sunayen da suka fi maimaituwa a wannan rukuni na 'yan jihar Filato ne. Iliya Pam ya zo na ɗaya a cikinsu a 2017 da 2018. A 2020 Emmanuel Gyang ya ci ɓangaren maza, matarsa Deborah Pam ta ci na mata. Dalilin bai ɓuya ba: Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma atisaye a inda iska ta yi ƙaranci yana ƙara wa jini ƙarfin ɗaukar iskar numfashi. Sai dai Iten, garin masu gudu a Kenya, tana kan mita 2,400, ga sansanonin horo da masu koyarwa da dillalan da ke kai 'yan wasa gasannin Turai, abubuwan da mai gudu a Jos ko Pankshin ba kasafai yake samu ba. Shi ya sa na farkon 'yan gida kan shigo bayan zakara da tazarar minti goma ko fiye.

Nasarar Legas ta ƙarfafa wa wasu garuruwa gwiwa. Kaduna ta shirya tseren rabin zango a watan Nuwamba na 2020, Abuja ta yi nata cikakken zangon a 2023, ga kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, wanda ya riga na Legas, tun 2013. Duk da yawan gasannin, tarihin Najeriya na maza da Abbas Mohammed ya kafa a Legas a 1990, awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, ya shafe fiye da shekara talatin ba wanda ya karya shi.