Ba duk bitamin ɗin da ka haɗiya ne ke shiga jiki ba

Jama'a don Allah mu tsaya mu fahimci wannan abu, saboda kusan kullum sai wani ya zo min wajen aiki da leda cike da ƙwayoyin bitamin yana cewa yana shan biyu biyu don ya yi saurin samun ƙarfi. Wallahi jiki ba haka yake aiki ba.

Bitamin 13 ne gaba ɗaya kuma mafi yawansu a ƙaramin hanji suke shiga. Ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon hanjin suna da wasu ƴan ƙofofi na furotin, bitamin C da tasa ƙofar, B1 da tasa, kuma ƙofofin nan suna da iyaka, in sun cika shikenan sauran sai ya wuce. Wanda ke samun miligiram 30 zuwa 180 na bitamin C a rana jikinsa na ɗaukar kashi 70 zuwa 90, amma in ya haura giram 1 abin da ke shiga ba ya kai rabi, wanda ya shiga jini ya yi yawa kuma ƙoda ta tace shi ta zubar. Kun lura fitsari yana komawa rawaya shar in an sha ƙwayar bitamin B? To rarar B2 ce ke fita.

Inda hankalina ke tashi shi ne A, D, E da K. Su a maiko suke narkewa, sai da ruwan matsarmama da ɗan mai a abinci suke shiga sosai, shi yasa ake cewa a sha su tare da abinci, kuma in sun shiga ba sa bin fitsari haka kawai, hanta da kitsen jiki ne ke tara su. Bitamin A in ya taru yana lalata hanta, ga mai ciki kuma yana iya nakasa jaririn, don haka ƴar'uwa kar ki sha ko ƙwaya ɗaya sai wadda aka rubuta miki a awo.

B12 kuwa nasa daban ne, sai tumbi ya fitar da wani furotin da zai riƙo shi ya raka shi har can ƙarshen ƙaramin hanji sannan ƙofa ta buɗe. Hanta na ajiye na shekaru, shi yasa ƙarancinsa ke zuwa a ɓoye. Masu ciwon suga da suka daɗe kan metformin, da masu olsa da ke shan omeprazole shekara da shekaru, da tsofaffinmu, in kun fara jin kasala ko tafin ƙafa kamar ana tsira muku allura ku je a gwada jininku, wasu ma allurar B12 ɗin za a yi musu.