Yadda ake kimanta kuɗin ruɓaɓɓun motocin masul na Amurka a gwanjon intanet

Motocin masul, wato masu ƙwanji, suna ne da Amurkawa suka bawa wasu motoci masu ƙofa biyu da aka cusa musu ƙaton inji mai silinda takwas, waɗanda suka yi tashe daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970. Yawanci ana fara lissafinsu ne daga Pontiac GTO ta 1964, sai su Dodge Charger, Plymouth Cuda, Chevrolet Chevelle SS da manyan Mustang irin su Boss 429 suka biyo baya. Kasuwarsu ta mutu ne saboda tsadar inshora, da dokar hayaƙi ta 1970, sannan matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙarasa ta, to daga nan da yawansu aka jefar da su bayan gida ko cikin rumbun gona suka shekara arba'in hamsin ruwa na dukansu ɓeraye na haihuwa a kujera. Irin waɗannan akwalar ne yanzu ake ɗorawa a shafukan gwanjo irin su eBay Motors da Bring a Trailer, wani lokacin har Copart wanda dillalan motocin Najeriya sun san shi sarai wajen sayo motocin da suka yi hatsari, kuma sai kaga abinda a ido kayan 'yan gwangwan ne ana ta rige rigen tayi a kansa.

Akwai ma'auni na yanayin mota da 'yan harkar suke amfani da shi. Kamfanin inshora na Hagerty yana da mataki 1 zuwa 4, na 1 ita ce wadda ta fi sabuwa kyau, ta 4 kuma tana tafiya amma da lam'a a jikinta. Littafin farashi na Old Cars ya kai har 6, inda 5 ke nufin za ta gyaru, 6 kuma sai dai a farke ta a ciri kayan gyara. Motocin da ake magana a nan 5 ne da 6, kuma anan ne littafin farashi yake daina amfani sosai, don babu ruɓaɓɓu biyu da suka ruɓe iri ɗaya.

Lamba ita ce motar

Abu na farko da mai saye yake nema a hotuna shine lambar shasi, tun kafin ya kalli bodi. Kafin 1981 lambar ba ta zama harafi 17 iri ɗaya ga kowa ba, kowane kamfani da salonsa. A motocin Chrysler, kamfanin da yake da Dodge da Plymouth, harafi 13 ne, kuma na biyar shi yake faɗin injin da aka haifi motar da shi, a 1970 da 1971 in kaga R to babban injin nan 426 Hemi ne, V kuma 440 mai kafireto uku, U ita ce 440 gama gari. Charger da lambarta ta fara da XS29 ita ce R/T, wato samfurin mai ƙarfi, wadda ta fara da XP29 kuwa Charger ce kawai, kuma harafin nan guda ɗaya yana iya raba farashin gida biyu ko fi duk da tsatsarsu ɗaya ce. Bayan wannan akwai ɗan ƙaramin faranti a cikin bonet mai ɗauke da lambobin fenti da giya da sauran abinda aka saka mata a fakiri, da wata takarda da ma'aikata suke cusawa cikin sifirin ɗin kujera, in aka same ta ɓera bai cinye ba to an tsinci dami a kala.

Motocin Ford na 1967 zuwa sama suna da Marti Report, wato rahoton yadda motar ta fito daga fakiri, Pontiac kuma ana samun kwafin takardunta na asali wajen PHS, kamfanin da yake ajiye da takardun Pontiac, wanda dole ne ga GTO ta 1964 da 1965 tunda a shekarun nan GTO ƙari ne kawai akan wata motar Pontiac mai suna LeMans, sai 1966 ta samu lambarta mai farawa da 242. Inda rigima take ita ce Chevelle ta 1970, lambar shasinta ba ta nuna ko SS ce, wato samfurin mai ƙarfi, balle ace mai injin LS6 mai ƙarfin doki 450, saboda haka in babu takardar fakiri to maganar mai mota ce kawai, kuma bajon SS kowa zai iya saya ya manna. Masu hankali suna tayin irin wannan a kuɗin Malibu, wato Chevelle gama gari.

Sai inji. In lambar da aka buga a jikin inji da giyabos ta dace da ta shasi, wato nata ne na haihuwa, kuɗi yana tashi sosai ko da injin ya kafe baya juyawa. In babu inji gaba ɗaya, kwarangwal ne akan taya, to darajar tana komawa ne kan ƙarancin samfurin kaɗai.

Tsatsa

Ba kowace tsatsa ce matsala ba. Wadda ta tsaya a fata ana kankare ta, ƙasan but da wajen taka ƙafa da gefen baya kuwa duk ana buga sabbinsu yanzu, kamfanin Dynacorn ma bodi sukutum yake sayarwa na Camaro da Mustang na ƙarshen shekarun 1960. Wadda take kashe mota ita ce ta ƙashin baya, musamman a su Charger da Cuda da Mustang da bodinsu da shasinsu haɗe suke, in ƙarfen ƙasa ya ruɓe ko gindin gilashin gaba, ko rufi ya cinye a ƙarƙashin ledar nan da ake lulluɓa masa don kwalliya, aikin walda ne na watanni. Shi yasa ake tambayar inda motar ta zauna, ta Michigan ko Ohio inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara ba ɗaya take da ta Arizona ba, wadda rana ta ƙone mata fenti da kujeru amma ƙarfenta garau.

A gwanjon intanet kuwa sayen kifi a ruwa ne, baza ka saka maganaɗisu ka gane inda aka cika fila ba. Mai mota ya ɗora hoto 80 na sama babu ko ɗaya na ƙasa, wannan kansa amsa ce.

Lissafin da baya fita

Ƙa'idar dai mai sauƙi ce, kuɗin motar in an gama ta, a cire kuɗin gyara, abinda ya rage shine iyakar tayi. A ɗauka misali motar da in ta kammala za ta yi dala 70,000, gyaranta a garejin ƙwararru kuma zai iya cin sama da haka tunda aikin awa dubu ba abin mamaki bane, kaga a takarda ko kyauta aka baka ka faɗi. Amma duk da haka ana saya, saboda wasu da hannunsu zasu yi aikin basa lissafa gumi, wasu zasu saka mata injin zamani ne don haka asali bai dame su ba, wasu kuma irin motar da babansu ya taɓa hawa ce kawai. Akan wannan sai a ɗora la'adar gwanjo, Bring a Trailer tana karɓar kashi 5 cikin 100 daga mai saye, da kuɗin jigila wanda yafi tsada in motar bata gungurawa. Sannan akwai gwanjon da mai mota yake ɓoye ƙaramin farashin da zai sallama, in tayi bai kai ba albarka kenan, don haka ba kowane adadi da aka gani a shafi bane ciniki.

Inda lissafin yake fita shine a motocin da aka yi su 'yan kaɗan. Hemi Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi an sayar da ɗaya dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a 2014, to ko kwarangwal ɗin irinta dukiya ne. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta tashi dala miliyan 3.74 a Janairun 2020 da tsatsarta da lotsewarta, anan ma gyaran ne zai rage mata kuɗi. Amma ƙura ba kullum take biya ba, wata Charger Daytona ta 1969, ɗaya daga cikin 503 da aka ƙera, da aka zaƙulo a Alabama akai ta zuzuta ta ana cewa zata kai dala 150,000 zuwa 180,000, a 2016 wajen dala 90,000 tayi ya tsaya.

Takardu

Mota mara takardar mallaka kuɗinta yana faɗuwa, sai dai a duba jiha, New York misali bata bada irin takardar nan ga motocin da suka girmi 1973 sai rajista da ake iya sauyawa suna. Da can mutane suna zagayawa ta jihar Vermont su yi rajista ko ba mazauna can bane, an toshe wannan ƙofar a 2023. Mafi haɗari shine cire farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar Hemi a manna shi a lafiyayyen bodin mota gama gari, wanda dokar tarayyar Amurka ta haramta, kuma shine dalilin da yasa wani lokacin zaka ga tarin tsatsa da ko ƙofa babu ya yi tsadar da ta wuce hankali. Masu bincike suna kama sauya farantin ne ta lambobin da fakiri ta buga a ɓoyayyun wurare na bodi, kamar ƙarfen da yake riƙe lagireto da bakin but, su gwada su da na farantin.