Waiwaye: Daga agugu zuwa kafso, ina aka bar saiwoyi?

Duk majalisar da ka zauna a Kano kwanan nan, da an taɓo zancen kafso ya daina ci, sai wani ya ce a koma wa itatuwa, wani ya ce ai wannan jiƙe-jiƙen ne ke kashe ƙoda. Gardamar ta girmi masu yin ta.

Kowa ya ji labarin gano fenisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a 1928, da gargaɗin da Fleming, masanin da ya gano shi, ya yi a 1945 cewa shan magani ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne 1943, shekarar da aka samo maganin tarin fuka na farko daga wata ƙwayar halitta da ke cikin turɓaya, a Amurka. Daga nan hankalin masu bincike ya koma kan ƙasa. Aka yi ta ɗebo ta daga ko'ina ana tacewa, magunguna suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, cikin sauƙi da arha. Ganye kuwa sai an jira damina, ƙarfinsa ya danganta da inda ya tsiro, sinadaransa a cakuɗe. Aka jingine shi shekaru da dama, ba tare da an gama auna shi ba.

Ɗauki agugu. Saiwa ce ta irin tsirran nan marasa fure masu son danshi, waɗanda ganyensu ke fitowa a naɗe sannan ya warware kamar gashin tsuntsu. Tun 1916 an rubuta cewa daga Adamawa fatake ke kawo shi ƙasar Hausa don maganin tsila. Turai ma sun daɗe suna sha, suka bari saboda in ya yi yawa yana taɓa ido har ya makantar. Yanzu da kafso ke gazawa an dawo kan danginsa, kuma a faifan da ake renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, ruwan wasunsu yana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Amma faifai daban, cikin mutum daban, kuma a danginsu akwai mai ɗauke da sinadarin da ke jawo ciwon daji.

Abin da ke ci min rai ke nan in na ratsa layin masu magani a Kurmi. Dattijo zai ɗauko saiwa, ya kankare ta da farce, ya sunsuna, ya faɗa maka dajin da aka haƙo ta. Ka ce, "Baba, nawa zan sha?" Sai ya haɗa yatsu uku ya nuna maka.